Windows ko Linux: Abin da Birnin Munich Ya Koyar

Duk lokacin da aka kwatanta Linux da Windows ko macOS, maganar farashi ce ke fara fitowa: wannan kyauta ne, wancan sai da lasisi. Wannan maƙala na ganin farashin saye ƙaramin al'amari ne. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne tsadar fita, wato abin da hukuma za ta kashe ranar da ta so rabuwa da manhajar da ta saba da ita.

Birnin Munich na Jamus ya isa misali. A 2003 majalisar birnin ta yanke shawarar barin Windows, duk da cewa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya taka da kansa ya gana da magajin gari Christian Ude, ya kuma yi tayin rangwame. Aikin, mai suna LiMux, ya ci shekaru goma. Zuwa 2013 an mayar da kwamfutoci kusan 15,000 kan Linux. Sai ga shi a 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Masu suka suka ce Linux ta gaza. Amma koke-koken ma'aikata da dama sun shafi takardun da ake turo musu daga wasu hukumomi cikin tsarin Microsoft Office, da manhajojin aiki waɗanda tun asali Windows aka rubuta wa su. Ashe igiyar da ta ɗaure birnin tana cikin takardunsa ne. (Microsoft ta mayar da hedikwatarta ta Jamus cikin Munich a 2016, mai karatu ya yi wa wannan fassarar da ya ga dama.)

Ta fuskar inganci, gardama ta daɗe da mutuwa. Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ita ce ke tafiyar da dukkan manyan kwamfutoci 500 mafiya sauri a duniya tun 2017, kuma a kanta aka gina Android. Buɗaɗɗen tushe irin na Linux dai ba laya ba ne. A Maris 2024 an gano ƙofar ɓoye da aka dasa cikin xz, ƙaramar manhajar da ta dogara da ɗan sa-kai guda da aiki ya yi wa yawa. Kyauta ma tana da kuɗinta: horar da ma'aikata da biyan masu kula da ita.

A wurinmu hujjar farashi ta fi rauni, domin mai sayen kwamfutar gwanjo a Kano ko Maraɗi yakan same ta da Windows a kai, ba wanda ya tambaye shi lasisi. Abin da ya shafe mu shi ne wa ke yanke ranar mutuwar na'ura. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da sabbin na'urorin sarrafawa, abin da tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da shi, alhali nau'o'in Linux irin Debian ko Linux Mint na gudana a kansu lafiya lau.

Don haka, bisa darasin Munich, jami'o'i da ma'aikatunmu su fara da takardu: su wajabta adana su cikin buɗaɗɗen tsari irin ODF, kafin su taɓa sauya manhajar kowace kwamfuta.