Briqueterie, Unguwar Hausawan Yaounde

Kafin Yaounde ta zama birni, tuddan nan gonakin ƙabilar Ewondo ne. Ƙauyuka ne a warwatse cikin kurmi, ana noman gyaɗa da rogo da gwaza da ayaba. A 1889 Jamusawa suka kafa sansani a wurin, kuma da suka tashi yin gini mai ƙarko sai suka buɗe wurin gasa bulo a yankin Ekoudou. Aikin bulo ya daɗe da mutuwa, amma ya bar wa unguwar sunanta, Briqueterie, wadda 'yan gari ke taƙaitawa su ce Brik.

Tun zamanin Jamusawan fatake Hausawa ke gangarowa daga Adamawa ta Tibati da Yoko, suna kawo tufafi, suna komawa da hauren giwa da roba da goro. Wasu suka yada zango a tsakiyar gari, suka yi aure. Da Faransawa suka mayar da Yaounde babban birnin Kamaru a 1921, tsakiyar gari ta yi daraja, sai aka tashe su daga can aka tura su nan, wai bayan gari. Yau birnin ya zagaye su ta ko'ina: ga Tsinga, ga kasuwar Mokolo, ga katafaren zauren wasannin da Sin ta gina aka buɗe a 2009.

Gona kam yanzu babu ko taki ɗaya a unguwar. Rogo da tumatir daga yankin Lekie suke shigowa, shanu kuma daga Adamawa.

Da magariba unguwar ke nuna kanta. Ana sallame salla a Babban Masallaci, hayaƙin tsire ya turnuƙe titi. Mai nama yana yankawa a kan katako, ya barbaɗa yaji, ya ɗora albasa, ya miƙa wa mai saye yanka ɗaya ya ɗanɗana kafin a yi ciniki. Ma'aikacin gwamnati da ɗan acaɓa kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa. Kusa da su kekunan teloli na ta ƙara, ana ciniki da Hausa da Fulatanci da Faransanci.

Lunguna dai a matse suke, magudanan ruwa sun gaza, gobara ta sha yin ɓarna. Unguwar da ta ciyar da birnin kusan ƙarni guda ta cancanci hukuma ta gyara mata hanyoyi da kwatoci.