Goro da Lambu: Tarihin Ƙasar da Muke Takawa a Agege

Yaron da aka haifa a Agege yau, in ka ce masa wurin nan da can gonakin goro ne da koko, sai ya ɗauka tatsuniya kake yi masa. Alhali kuwa itace ne ya kawo kakanninmu nan, tun ba a san kamfani ba.

Ga yadda abin ya faro. Goron da Bahaushe ya saba ci na Gwanja ne, wanda fatake suke tafiyar watanni da jakuna har Salaga kafin su samo shi. Yarbawa suna da nasu, abata, wato hannunruwa, amma ba ya samun shiga kasuwar Arewa yadda na Gwanja yake samu. To, wajen ƙarshen ƙarni na 19 sai goron Gwanja ya riƙa saukowa Ikko ta jirgin ruwa, kuma Alhaji Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi fatauci ta wannan hanya. Manoman Agege da Ota suka ga abin da kuɗi, suka shuka irin a ƙasarsu. Shi ya sa har gobe Bayarbe gbanja yake kiransa, sunan da ya ara daga bakinmu.

A 1901 jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Badun, ga tasha a Agege. A 1907 manyan manoman yankin, irin su J.K. Coker, suka kafa ƙungiyarsu. A 1911 dogo ya kai Kano. Shi ke nan, Gwanja ta kusa ta samu. Mutanenmu suka sauka dab da tasha, suna saye, suna zaɓe, suna ɗaure huhu da ganye, suna lodawa.

Amma wanda ya zauna dole ya ci tuwo, tuwo kuma sai da miya. Kuka da daddawa busassu suke zuwa daga gida, ɗanyen ganye fa? Sai masu masauki suka ware bayan gidajensu da gefen masallaci, aka zuba rama, yakuwa, kuɓewa da alayyafo, aka yi shinge da zogale, mata suka dasa lalle. Kamar yadda dattawanmu suke faɗa, ƙa'idar mai sauƙi ce: kowa ya tsinka na miya, ba a tsinka na sayarwa, baƙo kuwa ba a hana shi. Almajirai su yi ban ruwa da rani, inuwar mangwaro ta zama wurin karatu da sulhu.

Ina suka tafi? An ƙirƙiro Jihar Legas a 1967, Ikeja da ke maƙwabtaka da mu ta zama hedkwata a 1976. Fili ya yi tsada, aka sare goro aka yanka fulotai, cinikin ya ƙara karkata Shagamu da gaba. A 1976 ɗin dai gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa, aka ce kowa ya noma bayan gidansa, amma ina bayan gidan? Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta zo ta ƙara wa takarda daraja, lambun kowa da kowa kuwa ba shi da takarda. Da matsin SAP ya shigo a 1986, sai ɗan abin da ya rage aka mai da shi ɗakunan haya da shaguna. Mu 'yan kasuwa mun san lissafin, shago yana kawo kuɗi kowane wata. Sai ga shi yau muna sayen zogale ƙulli-ƙulli, abin da iyayenmu suke kyauta da shi.

Jama'a, abin da ba a rubuta ba, ranar rabon gado ba ya da mai tsaya masa. Saboda haka muna kira ga ƙungiya da fadar Sarkin Hausawa, a ƙidaya 'yan filayen da suka rage a masallatai, Islamiyyu da gefen maƙabarta, a rubuta su da sunan jama'a a gaban shaidu. Kowace Islamiyya ta ba ɗalibanta zogale da gwanda su dasa, su kula da su. Mun sani a addini, itacen da mutum ko tsuntsu ya ci daga gare shi sadaka ne ga wanda ya dasa.

Iyayenmu baƙi suka zo, amma sun bar mana inuwa. Mu da aka haifa a nan, me za mu bari? Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu dace, amin.