Van Cliburn: Makaɗin Fiyano Ɗan Amurka Da Ya Lashe Gasar Mosko A 1958

Van Cliburn, wanda cikakken sunansa Harvey Lavan Cliburn Jr., makaɗin fiyano ne ɗan ƙasar Amurka da ya yi suna a fagen kiɗan Turai irin na dauri. An haife shi ranar 12 ga watan Yulin 1934 a Shreveport da ke jihar Louisiana, ya kuma girma a garin Kilgore na jihar Texas.

Mahaifiyarsa, Rildia Bee, ita ce ta fara koya masa kiɗa tun yana ɗan shekara uku. Ita kuwa ɗaliba ce ta Arthur Friedheim, wanda ya koya a hannun Franz Liszt. Yana da shekara 17 ya shiga makarantar Juilliard a birnin New York, inda Rosina Lhévinne, haifaffiyar daular Rasha, ta horar da shi kan salon kiɗan ƙasarta. A 1954 ya ci kyautar Leventritt.

A 1958 ne Tarayyar Sobiyat ta shirya gasar Tchaikovsky ta farko a Mosko. Lokacin ana tsakiyar yaƙin cacar baka, watanni kaɗan bayan harba tauraron ɗan Adam na Sputnik, kuma mahukuntan ƙasar sun sa ran gasar za ta nuna fifikonsu a fannin al'adu kamar yadda suka nuna a kimiyya. Sai ga wani dogon saurayi ɗan shekara 23 daga Texas ya kaɗa wa Rashawa kiɗan magabatansu yadda ya ratsa musu zuciya. A zagayen ƙarshe ya gabatar da kwancato na ɗaya na Tchaikovsky da na uku na Rachmaninoff, wato kiɗan da fiyano ke jan gaba, babbar ƙungiyar makaɗa tana rufa masa baya. Jama'a suka miƙe tsaye suna tafi har na tsawon kusan minti takwas.

Alƙalan gasar, ƙarƙashin jagorancin Emil Gilels, sun shiga tsaka mai wuya, domin miƙa wa Ba'amurke kyautar a wancan zamani ba ƙaramin al'amari ba ne. An ruwaito cewa sai da aka tuntuɓi shugaba Nikita Khrushchev, wanda ya tambaya ko shi ne ya fi kowa, da aka tabbatar masa ya ce a ba shi.

Da ya koma gida, birnin New York ya yi masa gagarumin jerin gwano na tarba, irin wanda ba a taɓa yi wa wani makaɗin wannan fanni ba. Faifan kiɗan Tchaikovsky da ya naɗa tare da madugun makaɗa Kirill Kondrashin ya zama na farko a irinsa da aka sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya.

Sai dai ɗaukakar ta zo da nauyinta. Duk inda ya je, kiɗan Mosko ake so ya maimaita, masu sharhi kuma suka fara ƙorafin cewa bai faɗaɗa abin da yake kaɗawa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ƙorafin, ko da yake masu sayen tikiti ma suna da hannu a ciki. A 1978 ya janye daga dandamali, bai dawo ba sai a 1987, lokacin da ya yi kiɗa a Fadar White House a gaban Ronald Reagan da Mikhail Gorbachev.

Tun 1962 ake gudanar da gasar fiyano mai ɗauke da sunansa a Fort Worth, galibi duk bayan shekara huɗu. Cikin waɗanda suka lashe ta akwai Radu Lupu na Romaniya a 1966, da Yunchan Lim na Koriya ta Kudu a 2022 yana ɗan shekara 18.

Amurka ta ba Cliburn lambar 'yanci ta shugaban ƙasa a 2003, Rasha kuma ta ba shi lambar abota a 2004. Ya rasu ranar 27 ga watan Fabrairun 2013 a Fort Worth, sakamakon cutar sankarar ƙashi, yana da shekara 78.