Tantance Sunan Uwar Garke da Takardar Shaidar Tsaro

Tantance suna mataki ne da burauza ko manhajar waya ke ɗauka kafin ta miƙa bayanan mutum ga shafin da adireshinsa ya fara da https. Da zarar an ƙulla sadarwa, uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, takan gabatar da takardar shaida ta dijital wadda wata amintacciyar hukuma, kamar DigiCert ko Let's Encrypt, ta sanya wa hannu. Burauza na duba ingancin sa hannun da wa'adin takardar, sannan ta kwatanta sunan shafin da aka nema da sunayen da ke cikinta.

Kwatancen nan shi ne ginshiƙin tsaron, domin duk wanda ya mallaki adireshi, har da ɗan damfara, yana iya samun sahihiyar takarda da sunan adireshinsa. Idan manhaja ba ta duba suna ba, mai kutse da ya tare hanya, misali ta Wi-Fi na otal, zai miƙa tasa takardar a karɓa. Lambar kati da kalmar sirri za su tafi a rufe, amma zuwa hannunsa.

Ana jera sunayen ne a sashen takardar da ake kira SAN. Tun 2017 burauzar Chrome ta daina dogaro da tsohon gurbin suna na CN. Suna mai tauraro, kamar *.example.com, yana amfani ga shago.example.com, amma bai shafi example.com shi kaɗai ba, haka ma a.shago.example.com. Ƙa'idojin suna cikin kundin RFC 6125 na 2011, wanda RFC 9525 ya maye gurbinsa a 2023.

A 2012 masu bincike daga jami'o'in Stanford da Texas a Amurka sun gano cewa manhajoji da dama, ciki har da na biyan kuɗi, ba sa yin wannan tantancewa yadda ya kamata.

Idan suna ya saɓa, burauza na nuna gargaɗi; bai dace a tsallake shi a shafin banki ba. Sai dai tantancewar ba ta kama adireshin bogi mai kama da na gaskiya, domin takardarsa ta dace da sunansa. Karanta adireshi harafi bayan harafi aikin mai shiga shafin ne.