Da'awar Haƙƙin Ƙirƙira: Yadda Kalmomi Ke Shata Iyakar Mallakar Na'ura

Duk takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda ake kira fatent, tana ɗauke da zane-zane, da dogon bayanin yadda na'urar take da yadda take aiki, sannan a ƙarshe wasu jimloli masu lamba, 1, 2, 3, waɗanda sau da yawa ba sa cika shafi biyu. Waɗannan jimloli su ne da'awoyi. Su suka fi gajarta a takardar, su suka fi wuyar karantawa, kuma su ne ke fayyace abin da mai takardar ya mallaka. Zane na iya nuna injin sassaƙa ƙarfe gaba ɗayansa, bayani ya ci shafi talatin, amma idan da'awa ta tsaya a kan wani ɗan maƙale guda a jikin injin, to wannan maƙalen kaɗai doka ta kare.

Fatent yarjejeniya ce tsakanin hukuma da mai ƙirƙira. Shi zai fito da sirrin aikinsa fili, dalla-dalla, yadda duk masanin fannin zai iya ƙera irinsa. Ita kuma za ta ba shi ikon hana wasu ƙerawa, ko sayarwa, ko shigo da abin cikin ƙasa, na wani lokaci. A ƙarƙashin yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1995, lokacin ba ya gaza shekara 20 daga ranar shigar da buƙata. Tun da iko ne na hanawa, dole maƙwabta su san inda ya tsaya, kamar yadda takardar fili ke faɗin inda turakun iyaka suke. Aikin da'awa ke nan.

Yadda ake gina ta

Za a fi gane al'amarin da ƙaramin abu wanda kowane bakanike ya sani, wato oyil-sil. A cikin inji ko giyabos akwai sandar ƙarfe mai juyawa, shaf, wadda ke fitowa daga akwatin da ke cike da mai. Dole a bar ta ta juya, amma kada mai ya yi yoyo, kada ƙura ta shiga. Zoben da ke wannan aiki ya samo siffarsa ta zamani a kamfanin Freudenberg na Jamus, inda injiniya Walther Simmer ya ƙera shi a 1929, da fata tun kafin a koma roba. Har yau Jamusawa na kiransa Simmerring.

A ce wani ne ya fara ƙirƙiro shi yau. Da'awarsa ta farko, a misali, za ta iya zama haka: "Zoben tare yoyon mai a jikin sanda mai juyawa, wanda ya ƙunshi ƙwarya ta ƙarfe, da leɓe na roba manne da ƙwaryar yana shafar sandar, da sifirin zagayayye mai matse leɓen a jikin sandar." Ta biyu kuma ta ce: "Zobe irin na da'awa ta 1, mai leɓe na biyu da ke tare ƙura."

Ta farkon ana kiranta mai cin gashin kanta. Ta biyun rataye take da ita: ta ɗauki duk abin da ke cikin ta farko, ta ƙara nata. Amfaninta shi ne zama mafaka. Idan aka gano a kotu cewa wani ya riga ya ƙera zobe mai waɗancan sassa uku, da'awa ta 1 ta rushe, ta 2 na iya tsira saboda leɓen ƙurar.

Ƙa'idar da ta fi muhimmanci ita ce, ba a cewa wani ya keta da'awa sai an sami kowane sashe da ta lissafa a cikin abin da ya ƙera. Idan abokin gasa ya yi zoben da babu sifirin, ya fita daga shingen. Idan ya yi ƙwaryar da wani abu daban, kalmar "ƙarfe" ta ba shi ƙofa. Don haka duk kalmar da aka ƙara tana rage faɗin gonar ne, saɓanin yadda sabon shiga ke zato, cewa yawan bayani shi ne yawan kariya. Amma kuma wanda ya rage kalmomi ya wuce kima, ya ce shi ne mai duk wani "abin tare mai", zai haɗiye tsofaffin ƙirƙire-ƙirƙiren da aka riga aka sani, jami'in bincike ya ƙi buƙatarsa, ko kotu ta soke ta daga baya. Gwanintar mai rubuta da'awa ita ce samo mafi faɗin jimlar da ba ta taka abin da ya gabata ba.

Akwai wasu al'adun rubutu da kan rikita mai karatu. Kowace da'awa jimla ɗaya ce tak, komai tsawonta. Kalmar da ke haɗa gabatarwa da jerin sassa tana da nauyi: akwai wadda ma'anarta "ya ƙunshi waɗannan, ko da akwai ƙari", akwai wadda ma'anarta "waɗannan kawai". Da ta farko, wanda ya ƙara sashe na huɗu bai kuɓuta ba. Da ta biyu yana iya kuɓuta. A Ofishin Fatent na Turai an fi son a raba da'awa gida biyu, a fara da abin da aka riga aka sani, sannan a ce "abin da ya bambanta shi shi ne", a kawo sabon. A fannin sarrafa ƙarfe kuma akan rubuta da'awa iri biyu a takarda guda, ɗaya a kan injin kansa, ɗaya a kan matakan aikin, kamar yadda ake gasa ƙarfe, a murɗe shi, a sanyaya. Ta farko tana kama mai ƙera injin da mai sayar da shi, ta biyu tana kama masana'antar da ke bin matakan.

Wannan tsari ba tsoho ba ne sosai. Dokar Benis ta 1474 da dokar Ingila ta 1624 ba su san da'awa mai lamba ba, kuma takardar James Watt ta 1769 a kan injin tururi bayani ne kawai. Dokokin Amurka na 1836 da 1870, da ta Birtaniya ta 1883, su suka wajabta wa mai ƙirƙira ya ware abin da yake iƙirarin nasa ne.

Idan an canza abu kaɗan fa?

Da zarar iyaka ta koma kalmomi, sai masu wayo suka fara neman ɓaraka a cikinsu. Kotunan Amurka suka amsa da abin da ake kira ƙa'idar makamanci. A shekarun 1850 Ross Winans yana da fatent a kan taragon dakon kwal mai siffar mazurari, zagayayye. Wasu suka ƙera nasu mai kusurwa takwas. Kotun Ƙoli ta ce sauya siffa kawai ba ya wanke wanda ya kwafi ainihin dabarar. A 1950, a shari'ar Graver Tank, rikicin a kan hodar da ake zubawa wajen waldar lantarki ne: da'awa ta shafi sinadarin maganeziyam, abokin gasa ya sa manganis. Kotun ta tabbatar da ma'aunin da ake bi har yau: idan abu yana yin aiki iri ɗaya, ta hanya iri ɗaya, ya ba da sakamako iri ɗaya, to makamanci ne.

Ƙa'idar tana da adalci, amma tana da tsada. Injiniyan da ya karanta da'awa ya kauce mata da gaskiya ba shi da tabbacin cewa ya tsira. Shari'ar da ta fi fito da wannan cikas ita ce ta Festo, kuma abin sha'awa, a kan zoben toshewa aka yi ta.

Kamfanin Festo, reshen Amurka na wani kamfanin Jamus, yana da fatent biyu a kan wata silinda marar sanda. Iska mai ƙarfi na tura fistin a cikin bututu. A jikin fistin akwai maganaɗisu. A wajen bututun akwai kube mai nasa maganaɗisun, wanda ke bin fistin duk inda ya nufa, yana jan kaya. An yi amfani da ita a injinan ɗinki, har da wani lilon wasa a Disney World. Lokacin da ake nazarin takardun a ofishin fatent, an yi wa da'awoyin gyara. Aka ƙara cewa na'urar tana da zoben toshewa guda biyu, kowanne da leɓe a gefe ɗaya, domin hana datti shiga. A ɗaya daga cikin takardun, wadda ke ɗauke da sunan Stoll, aka kuma ƙara cewa kuben an yi shi ne da abin da maganaɗisu ke kamawa.

Sai kamfanin SMC na Japan ya shigo kasuwa da irin na'urar, amma da zobe ɗaya mai leɓe biyu, da kube na haɗin alminiyam wanda maganaɗisu ba ya kamawa. A bisa harafin da'awa, bai keta komai ba. Festo ya kai ƙara a 1988, ya ce waɗannan makamanta ne. SMC ya ce a'a: wanda ya ƙuntata da'awarsa da hannunsa don a ba shi takarda ba zai dawo ta bayan gida ya karɓi abin da ya sallama ba.

Festo ya yi nasara da farko. Amma a shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara mai kula da shari'un fatent ta yanke hukunci mai tsauri: duk sashen da aka ƙuntata don samun takarda, ba shi da sauran makamanci ko kaɗan. Hukuncin ya girgiza masana'antu, domin da wuya a sami fatent da ba a taɓa yi wa gyara ba. Ranar 28 ga Mayu, 2002, Kotun Ƙoli ta soke shi ba tare da saɓanin ko alƙali ɗaya ba, a hukuncin da Mai Shari'a Anthony Kennedy ya rubuta. Hujjarta ita ce harshe ba ya iya kama dukkan siffar sabon abu, kuma gyara ba ya mai da shi cikakke. Sai dai ta ɗora nauyin a kan mai takarda. Za a ɗauka ya sallama duk abin da ke tsakanin tsohuwar jimla da sabuwa, sai in ya nuna cewa ba a iya hango makamancin a lokacin gyaran ba, ko dalilin gyaran bai shafi makamancin ba sai ta gefe, ko akwai wani dalili da ya hana a rubuta shi.

Wannan nasara ba ta amfani Festo ba. Shari'ar ta koma ƙasa, kuma a 2007 kotun ɗaukaka ƙarar ta ce kuben alminiyam abu ne da ake iya hangowa tun farko. Shekara goma sha tara ke nan ana jayayya a kan ƴan kalmomin da aka ƙara. A ganina matsayar Kotun Ƙolin ta fi dacewa da hankali, ko da yake ta bar wa lauyoyi aiki mai yawa: yanzu ba da'awa kaɗai ake karantawa ba, har da duk wasiƙun da aka yi musaya da ofishin fatent.

Birtaniya ta bi wata hanya. A shari'ar Catnic, wadda Majalisar Dattawan ƙasar ta yanke a 1980 lokacin tana zaman kotun ƙoli, da'awar ta shafi lintal na ƙarfe da ake ɗorawa a kan ƙofa ko taga, ta ce bangonsa na baya yana tsaye cak. Abokin gasa ya karkatar da nasa da digiri shida ko takwas. Lord Diplock ya ce tambayar ita ce yadda magini mai sanin aiki zai fahimci kalmar, kuma ba magini da zai ɗauka ana nufin digiri 90 ba ragi ba ƙari. A 2017, a shari'ar Actavis a kan wani maganin daji, Kotun Ƙolin Birtaniya ta karɓi ƙa'idar makamanci kai tsaye.

A Nijeriya da Nijar

Dokar Fatent da Zane ta Nijeriya ta 1970 ita ma ta wajabta da'awa a cikin buƙata, ta kuma ce da'awar ce ke fayyace faɗin kariya, bayani da zane kuwa taimako ne wajen fassara ta. Wa'adin shekara 20 ne. Amma akwai bambanci babba: magatakardan fatent yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko ƙirƙirar sabuwa ce, kuma dokar ta fito fili ta ce ana ba da takardar ba tare da lamunin ingancinta ba. Ma'ana, samun shahada ba hujja ba ce cewa da'awar za ta tsaya. Sai ranar da aka je Babbar Kotun Tarayya za a gwada ta. Nijar kuwa, tare da Kamaru da Cadi, tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, inda buƙata ɗaya ke ba da kariya a dukkan ƙasashen ƙungiyar bisa Yarjejeniyar Bangui ta 1977.

Fatent na aiki ne a ƙasar da aka ba da shi kaɗai, kuma idan wa'adinsa ya cika, ko aka daina biyan kuɗin sabuntawa, kowa na iya ƙera abin. Takardun kansu a buɗe suke kyauta a rumbunan intanet irin su Espacenet da Google Patents, an jera su bisa tsarin rarrabawa na duniya da aka kafa da Yarjejeniyar Strasbourg ta 1971. Mai neman zoben toshewa zai same su a rukunin F16J, mai neman injinan lanƙwasa ƙarfe da bugunsa a B21, injinan sassaƙa da huda da walda kuma a B23. Masu aikin kan fara da da'awa ta 1, su lissafa sassanta ɗaya bayan ɗaya a gefen takarda, sannan su koma ga zane su ga abin da kowace kalma ke nuni da shi.