Tarihin Kiɗan Buluz

Buluz kiɗa ne da waƙa na baƙaƙen fatar Amurka, wanda ya tsiro a kudancin ƙasar a ƙarshen ƙarni na 19, bayan soke bauta a 1865. Cibiyarsa gonakin auduga ne na bakin Kogin Misisipi, inda 'ya'yan bayi da jikokinsu suka ci gaba da noma wa masu gona, a raba amfani da kaka, bashi kuwa ba ya ƙarewa. Daga waƙoƙin bakin aiki da na coci ya samo tushe. Mawaƙi yakan faɗi ɗango ɗaya, ya maimaita shi, ya kawo na uku ya ƙulle zance, jita tana karɓa masa kamar 'yan amshi.

Wajen 1903, W.C. Handy, shugaban wata ƙungiyar makaɗa, yana jiran jirgin ƙasa a tashar Tutwiler da dare, sai ya ji wani mutum cikin tsummokara yana goga wuƙa a kan tsirkiyar jita, tana ta kuka. Abin ya tsaya masa a rai. Da yake ya iya rubuta kiɗa a takarda, ya buga "The Memphis Blues" a 1912, sai "St. Louis Blues" a 1914. Handy ya yi suna ya yi kuɗi. Mai wuƙar kuwa ko sunansa ba a rubuta ba.

A faifai, mata ne suka buɗe kasuwa. "Crazy Blues" ta Mamie Smith ta fito a 1920, aka yi rububinta, kamfanoni suka farga cewa baƙaƙen fata ma suna sayen faifai. Ma Rainey da Bessie Smith suka biyo baya, kafin a waiwayi mazan karkara irin su Charley Patton da Son House.

Robert Johnson waƙa 29 kacal ya naɗa, a 1936 da 1937, ya rasu a 1938 yana da shekara 27. Har yau ana ta yaɗa cewa wai ya sayar wa Shaiɗan ransa a mararraba da tsakar dare. Almara ce mai daɗin ji, amma tana cin haƙƙinsa: ɓacewa ya yi na wani lokaci, ya duƙufa koyo a wajen wani makaɗi, Ike Zimmerman.

A 1941 Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya isa gonar Stovall da na'urar naɗar murya, ya naɗi waƙoƙin wani direban tarakta, Muddy Waters. Da Muddy ya ji muryarsa ta fito daga na'ura, sai ya tabbata shi ma zai iya. A 1943 ya bi ayarin masu ƙaura zuwa Shikago, inda hayaniyar gidajen rawa ta sa ya koma jita mai lantarki. Shi da Howlin' Wolf suka ɗaga kamfanin faifai na Chess. B.B. King kuwa ta Memfis ya ɓullo. A 1949 wasu maza biyu suka kaure da faɗa a kan wata mata a gidan rawa a Arkansas, suka ture durom ɗin kananzir mai ci, gobara ta tashi. King ya koma cikin wuta ya ɗauko jitarsa, daga nan ya riƙa kiran kowace jita tasa da sunan matar, Lucille.

Lokacin da samarin baƙaƙen fata suka karkata ga sababbin kiɗe-kiɗe, sai samarin Ingila suka kamu da tsofaffin faya-fayan. Ƙungiyar Rolling Stones, da aka kafa a Landan a 1962, daga waƙar Muddy ta samo suna, kuma a 1964 ta je har ɗakin naɗi na Chess.

Kiɗan ya kai har Afirka. Makaɗi Ali Farka Touré na Niafunke a Mali, da ya ji mawaƙin buluz John Lee Hooker, cewa ya yi ai wannan kiɗan gidansu ne. Masana na ja-in-ja kan iyakar gaskiyar haka, amma kundinsa da makaɗin jita Ry Cooder, "Talking Timbuktu" na 1994, ya ci kyautar Grammy. Shi kuwa makaɗi Bombino, Buzu ɗan Agadas, a Nashbil ya naɗi kundinsa "Nomad" na 2013, tare da Dan Auerbach na ƙungiyar Black Keys.