Immanuel Feyi-Waboso: Ɗalibin likitanci da ke buga wa Ingila zari-ruga

Immanuel Feyi-Waboso ɗan wasan ƙwallon zari-ruga ne da ke taka leda a ƙungiyar Exeter Chiefs da kuma tawagar ƙasar Ingila. An haife shi a birnin Cardiff na yankin Wales a ranar 20 ga Disamban 2002, kuma yana da asali a Najeriya ta ɓangaren mahaifinsa. A nau'in zari-ruga da ake bugawa da 'yan wasa 15 a kowane ɓangare, shi ɗan wasan gefe ne, gurbin da ake ba mai zafin gudu. Babban aikinsa shi ne ya ratsa 'yan baya ya dangwala ƙwallo a bayan layin abokan hamayya, abin da ke kawo maki biyar.

Tasowarsa

A Cardiff ya koyi wasa, ya wakilci Wales a matakin 'yan ƙasa da shekara 18, sannan ya fara buga wa babbar ƙungiyar birnin a 2021. Sai dai burinsa na karatun likita ne ya sauya masa alƙibla. Da Jami'ar Cardiff ba ta ba shi gurbi ba, sai ya tafi Jami'ar Aston da ke Birmingham, ya kuma shiga ƙungiyar Wasps. A watan Oktoban 2022 bashi ya durƙusar da Wasps, aka sallami 'yan wasanta baki ɗaya. Daga nan ya koma Exeter a ƙarƙashin Rob Baxter, ya ci gaba da karatun likitanci a jami'ar garin.

Zaɓi tsakanin Wales da Ingila

Dokar hukumar zari-ruga ta duniya ta ba ɗan wasa damar wakiltar ƙasar da aka haife shi, ko wadda aka haifi ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa. Wannan ta sa Wales da Ingila duk suka nemi Feyi-Waboso. A farkon 2024 ya amsa kiran kocin Ingila, Steve Borthwick, matakin da bai yi wa magoya bayan Wales daɗi ba. Zaɓi ne mai nauyi, domin wanda ya buga wa babbar tawagar wata ƙasa ba zai sauya sheƙa ba sai ya shekara uku bai wakilce ta ba.

A tawagar Ingila

Ya buga wasansa na farko a ranar 3 ga Fabrairun 2024 a Gasar Ƙasashe Shida, inda ya shigo daga benci a birnin Rum, Ingila ta doke Italiya da ci 27 da 24. Bayan mako uku ya ci makinsa na farko a wasan da Scotland ta yi nasara a Murrayfield. A ranar 9 ga Maris aka fara wasa da shi a Twickenham, Ingila ta lallaɓa ta doke Ireland da ci 23 da 22. Wasan ƙarshe da Faransa kuwa bai buga ba, saboda da kansa ya sanar da likitocin tawagar cewa yana jin alamun buguwa a ka. A watan Yuli ya dangwala ƙwallo a duka wasanni biyu da New Zealand, duk da cewa Ingila ta sha kashi a Dunedin da Auckland.

Rauni da jan kati

A watan Disamban 2024 kafaɗarsa ta goce a wasan Exeter da Sale, aka yi masa tiyata, ya rasa Gasar Ƙasashe Shida ta 2025 gaba ɗaya. Ranar da ya dawo fili a watan Yuni, a wasa da wata tawagar Faransa, aka ba shi jan kati saboda ya maƙuro Antoine Hastoy, aka kuma dakatar da shi wasa biyu. Waɗannan su ne ƙalubalen da ke gabansa: kiyaye lafiyar jiki a wasan da ake gwabzawa ƙirji da ƙirji, da kuma raba lokaci tsakanin atisaye da karatun likita mai ɗaukar shekara biyar.